Na tsinci gadar jirgin ƙasa ta roba a gwanjo, ba suna ba takarda: ta ina zan fara?

Dan_Layin_Dogo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekaranjiya na shiga Ƙofar Wambai neman wa yara jakar makaranta, sai na tarar da wani mai gwanjo ya kwance dilar kayan wasa. A ciki na tsinci wata leda an naɗe ta da salatif, cike da gutsattsarin roba masu launin toka. Ina ɗagawa na gane gada ce, irin ta ƙananan jiragen ƙasan nan da mutum ke harhaɗawa da hannunsa. Ba kwali, ba takardar bayani, ba sunan kamfani. Akwai manyan ɓangarori biyu masu kama da tsani, sauran ƙanana ne, yawancinsu har yanzu suna manne a jikin sandunan robar da aka zubo su tare. Akwai kuma guda huɗu masu ruwan ƙasa da zanen duwatsu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai duba layi ne a reluwe, shi ya sa na kasa wuce ta. Ina so in haɗa ta ni da babban ɗana, amma ina tsoron in ɓata. Wa ya san ta inda ake farawa?

Kafinta_Gusau: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Abu ɗaya zan roƙe ka: kada ka buɗe gam yau, kada ka buɗe gobe. Kuma kada ka ɓalle komai daga jikin sandunan tukuna.

Maman_Ilham: Amin. Malam Kafinta ya yi gaskiya, kuma ga dalili. Lambar kowane gutsure ba a jikinsa take ba, a jikin sandar take, dab da inda ya manne. Kana ɓalle shi ka raba shi da sunansa. Ka shimfiɗa farin ƙyalle, ka jera komai, ka ɗauki hoton kowace sanda gaba da baya. Waɗanda suka riga suka faɗo ka zuba su a murfin kwano daban. Ni a makaranta zanen gine-gine na karanta, mun sha haɗa ƙananan gidaje da kwali, kuma abin da ya fi kashe mana aiki shi ne gaggawa.

Bakano_a_Hamburg: Barka da tsintuwa, ɗan uwa. Kafin a yi maganar kamfani sai an san sikeli, wato sau nawa aka rage girmanta daga na gadar gaske. Ka auna mana abu uku: tsawon babban ɓangaren, tsayinsa, da tsawon sandunan da za su gitta tsakanin ɓangarorin biyu. In akwai shingen riƙewa na masu tafiya a ƙafa, auna tsayinsa, shi ya fi saurin tona asiri. Shinge na gaske bai cika wuce mita ɗaya da 'yan kai ba. In sikelin HO ne, wato ɗaya bisa 87, zai zo wajen milimita 12. In N ne, ɗaya bisa 160, zai zo wajen 7.

Dan_Layin_Dogo: Na gode ƙwarai. Na ari tef ɗin awo na uwargida. Tsawo wajen santimita 36, tsayi 9, masu gittawa sun kusa 7. Shingen yana nan, ya ɗan haura santimita ɗaya.

Kafinta_Gusau: Tef ɗin tela yana miƙewa in ya tsufa. Nemi rula ta ƙarfe ka sake.

Dan_Layin_Dogo: Na sake da ta ƙarfe. Tsawo milimita 360 cif, shinge 12.

Bakano_a_Hamburg: To HO ce. Ka ninka 36 sau 87, za ka ga gadar da aka kwaikwaya ta kai mita 31 da ɗoriya. Sannan wannan 360 ɗin ba a banza ta zo ba. Masu yin gadoji sukan yanka tsawon ne daidai da miƙaƙƙen dogon, wato layin da jirgin ke bi, da ake sayarwa a ƙasarsu, don ya zauna ba sai an yanke ba. Tsohon dogon kamfanin Märklin na Jamus milimita 180 ne kowane guda, biyu sun ba ka 360. Na Atlas a Amurka inci 9 ne, kusan 229. Na Hornby a Ingila 168. Ni dai zuciyata ta fi kwanciya da cewa daga nan Jamus ta fito.

Musa_Leeds: Yaya Bakano, kada mu yi saurin rufe ƙofa. A nan Ingila OO ake yi, ɗaya bisa 76, kuma faɗin dogonsa ɗaya ne da na HO, milimita 16.5. Shinge mai 12 a OO santimita 91 ke nan, bai fita daga hankali ba. Kamfanin Airfix na nan Ingila sun yi gada ta roba tun da daɗewa, daga baya Dapol suka ci gaba da fitar da ita, kuma irin su kan zo a leda. Ina yawan ganin su a kasuwar tsofaffin kaya ta ranar Lahadi.

Bakano_a_Hamburg: Na karɓi gyara a kan shingen, shi kaɗai ba zai raba HO da OO ba. Amma tsawon fa?

Musa_Leeds: Tsawon yana gefenka, ban musa ba. Malam Dan_Layin_Dogo, ka kunna tocilan ɗin waya ka haska sandunan ta gefe, ba ta sama ba. Rubutun da ke jikinsu ƙanana ne kuma launinsu ɗaya da robar, sai inuwa ta faɗa ake ganinsu. Duba cikin ginshiƙan da ƙarƙashin daɓen ma.

Abu_Hanifa_77: Ku yi haƙuri da ni, amma magidanci da iyali ya zauna yana auna roba? Ba kayan wasan yara ba ne wannan?

Maman_Ilham: Malam Abu Hanifa, ka sake karanta abin da ya rubuta. Shi da ɗansa za su yi. Yaron zai koyi awo, ya koyi ninkawa da rabawa, ya ga yadda nauyi ke bin ƙarfe ya sauka ƙasa, kuma yana zaune kusa da mahaifinsa ana ba shi labarin kakansa. Ni ban ga asara a nan ba.

Abu_Hanifa_77: Haka ne Hajiya, ban kalle shi ta nan ba. Allah ya ba da sa'a.

Injiniya_Samaru: Bari in shigo ta ɓangaren da na sani. Ko ba a gano kamfanin ba, gadar za ta haɗu, domin wanda ya sassaƙa ta gadar gaske ya kwaikwaya, ita kuwa gadar gaske tana da ƙa'ida. Malam, ka tsayar da babban ɓangaren a kan tebur, dogon gefen a ƙasa, gajeren a sama. Ka gaya mana: akwai sanduna a tsaye? Sannan waɗanda suka kishingiɗa, ina suka dosa?
Iri uku aka fi samu. Akwai Warren, ta 1848, wadda sandunanta ke hawa da sauka kamar haƙoran zarto. Akwai Pratt, ta 1844, mai sanduna a tsaye, kishingiɗaɗɗun kuma suna gangarowa ne zuwa tsakiya, daga dama da hagu, har su yi kamar harafin V. Akwai Howe, ta 1840, kishiyar Pratt, nata suna hawa ne zuwa tsakiya. A Pratt kishingiɗaɗɗun jan su ake yi, shi ya sa suke sirara, na tsayen su ake dannewa, shi ya sa suke da kauri. Howe an fi yin ta da katako, saboda katako ya fi jure danniya a mahaɗa.

Dan_Layin_Dogo: Ranka ya daɗe, akwai na tsaye, sun raba ta gida takwas. Kishingiɗaɗɗun suna gangarowa tsakiya, kuma sun fi siranta. Pratt ke nan?

Injiniya_Samaru: In dogon gefen ne a ƙasa, Pratt ce.

Sule_Walda: Injiniya, a nan nake da tambaya. Wa ya ce dogon gefen ne ƙasa? Akwai gadar da jirgi ke bi ta kanta, ƙarafan suna rataye a ƙarƙashi, dogon gefen yana sama. In ya kifa ta ai V ɗin ma ta kife. Ni na taɓa walda ƙarfen rufin wani shago a kife, sai da muka ɗora muka gane, ranar mun kwana muna yankewa.

Injiniya_Samaru: Tambayarka ta yi kyau Malam Sule, kuma babban ɓangaren shi kaɗai ba zai amsa ta ba. Ƙananan ne za su amsa. A duba cikin ledar. In akwai guda biyu masu siffar ƙofa, sama a rufe ƙasa a buɗe, to jirgi ta ciki yake wucewa, ɗaya a mashiga ɗaya a mafita. In kuwa abin da ke akwai firam ne masu X da suka cike daga sama har ƙasa, to jirgi ba shi da hanya a ciki, ta sama zai bi. Faɗin ma shaida ne. Wadda ake bi ta kanta siririya ce, ɓangarorin biyu suna kusa da juna a ƙarƙashin dogo. Shi kuwa ya ce masu gittawa sun kusa santimita 7, wannan faɗin na wadda tarago zai shige cikinta ne.

Dan_Layin_Dogo: Akwai masu siffar ƙofa guda biyu! Faɗin cikinsu milimita 58, tsayi 70. Akwai kuma wani dogo mai X a jere, na ɗauka shinge ne, ashe tsawonsa ya yi daidai da gajeren gefen.

Injiniya_Samaru: Wannan rufinta ne, shi ke riƙe saman kada iska ta karkata ta. Ka gama gane gadarka.

Aminu_Ohio: Tsayi 70 ya yi kaɗan fa. A nan ƙa'idar HO wajen inci 3 ake bari daga kan dogo, kusan milimita 76. Ina da taragon da ke ɗaukar kwantena biyu a kan juna, ba zai shige wannan ƙofar ba.

Bakano_a_Hamburg: Malam Aminu, jiragen Turai ba su kai naku tsayi ba. Ƙa'idar nan faɗi 48 ne, tsayi 59 in babu wayar lantarki a sama. Saboda haka 70 ta wadatar, har ma ta ƙara nuna ba 'yar Amurka ba ce.

Aminu_Ohio: Na yarda. Da farko na zaci irin ta kamfanin Central Valley na nan Amurka ce, ita ma Pratt ce, amma waccan ƙafa 150 ta kwaikwaya, ta haura santimita 52, kuma ɓangarorinta ba a haɗe suke zuwa ba, sanda-sanda kake ginawa. Taka ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, Malam.

Tsohon_Direba: Ina ta karantawa ina tuna baya. Ɗana Dan_Layin_Dogo, aikin mahaifinka ba ƙarami ba ne. Mu da ke kan jirgi, rayuwarmu bayan Allah tana hannun mutumin da ya taka layin da ƙafa da asuba yana duba ƙusa da katako. In za mu hau gadar Makurdi sai mu rage gudu, kana jin ƙarar ta canja, ƙarafan suna wucewa ta taga ɗaya bayan ɗaya, Binuwai na can ƙasa. A 1932 aka buɗe ta, kafin nan a kan jirgin ruwa ake tsallakar da taragu. Haka ma Jebba kafin a yi tata gadar a kan Kwara. In ka gama ka turo hoto in gani.

Dan_Layin_Dogo: Baba, ka sa na yi hawaye. In sha Allahu kai za ka fara gani.

Yar_Kaduna: Baba ya tuna mini da 'yar gadar Lugard da ke Gamji. A Zungeru aka fara kafa ta, aka kwance aka kawo Kaduna aka sake ɗaurawa. Kullum in na gan ta sai in yi tunanin yadda waɗanda suka kwance suka yi wa kowane ƙarfe alama. Malam, ka yi haka kai ma, ɗan salatif na takarda a kan kowane gutsure da lambarsa.

Haruna_Ngaundare: Tambaya daga gefe. In mutum yana so ta yi kama da ta gida, dogon HO ya dace? Namu na Kamaru faɗinsa mita ɗaya ne.

Injiniya_Samaru: Bai dace ba in ana son daidai. Milimita 16.5 ta HO tana wakiltar 1,435, wato irin sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Tsohon layinmu, wanda ya iso Kano a 1911, faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1,067. Raba da 87 ka samu 12 da ɗan kai. Naku 1,000 ya ba da 11.5. Dukanmu dogo mai milimita 12 za mu nema, irin na sikelin TT. Gadar ba ruwanta, kowanne ka shimfiɗa za ta ɗauka.

Dan_Layin_Dogo: Malam Musa, dabararka ta tocila ta yi aiki. A bakin wata sanda akwai rubutu siriri, ya ce an yi ta a W. Germany, wato Jamus ta Yamma. Sai wasu lambobi huɗu, biyun ƙarshe sun goge. Sunan kamfani babu. Masu ruwan ƙasan nan ba komai a jikinsu.

Musa_Leeds: Shi ke nan, Yaya Bakano ya ci. Na janye batun Ingila.

Bakano_a_Hamburg: Ba ci ba ne, tare muka gano. Jamus ta haɗe a Oktoban 1990, ke nan an sassaƙa mazubin da aka zuba robar a ciki kafin lokacin. Amma a lura, kamfani yakan ci gaba da zuba roba a tsohon mazubi shekara da shekaru bai goge rubutun ba, don haka ba lallai ita kanta ta kai wannan shekarun ba. Waɗanda za a duba su ne Faller, Kibri, Vollmer da Pola. Lambar da ke jikin sanda sau da yawa ta mazubi ce, ba ta kwali ba, kada ka dogara da ita. Gara ka sa hoton babban ɓangaren a manhajar neman hoto ta Google, ko ka bi tsofaffin kundayen kayan waɗannan kamfanoni da mutane suka ɗora a intanet. Kibri da Vollmer yanzu suna hannun Viessmann, ana iya aika musu hoto a tambaya. Asabar zan shiga wani shago a nan in nuna wa dattijon da ke wurin.

Sule_Walda: Mu dawo kan gam. Ni sufa gulu zan sa in huta.

Maman_Ilham: Don Allah a'a, Malam Sule. Yana kamawa kafin ka daidaita, yana barin farin tabo, kuma in gadar ta faɗi a mahaɗar take tsinkewa. Irin wannan robar akwai gam ɗinta, ruwa ne tsararo, narkar da fuskokin biyu yake su zama abu ɗaya, kusan irin waldarku. Revell da Tamiya duk suna yi. Haɗa gutsuren ake yi tukuna, sannan a taɓa mahaɗar da ɗan buroshi, shi zai bi tsagar da kansa. A fara gwadawa a kan guntayen sanda guda biyu: in sun yi laushi sun kama, robar ce. In bai taɓa su ba, wata iri ce, a nan ne sufa gulu zai yi amfani. Kuma a buɗe taga, kada yaro ya sa hanci.

Kafinta_Gusau: In ba a samu wancan a Kano ba fa, Hajiya?

Maman_Ilham: A tambayi shagunan da ɗaliban zanen gine-gine ke sayen kaya. In ya gagara, a saƙa wa mai zuwa daga waje, kwalba ɗaya ta isa gada goma. Kada dai a sa gam ɗin famfo, ya yi kauri, zai cinye ƙananan zanen.

Dan_Layin_Dogo: Wata matsala. Na ɗora manyan ɓangarorin a kan tayil, ɗaya ya kwanta lafiya, ɗayan ya ɗan bankare a tsakiya. Sannan masu gittawa na ƙasa na ƙirga takwas, biyu masu kauri, shida sirara. Gida takwas, sanda takwas, daidai ko?

Kafinta_Gusau: A'a. In za ka raba fili gida takwas, turke tara kake kafawa. Masu kaurin na baki da baki ne, na tsakiya bakwai ya kamata. Ɗaya ta ɓace. Ƙirga ramukan da ke cikin dogon gefen ka gani.

Dan_Layin_Dogo: Tara ne. Kash.

Aminu_Ohio: Kada ka damu, ana sassaƙa ta. Nemi tsohon gidan faifan CD, ko kofin roba da aka rubuta PS da lamba 6 a gindinsa, irin robar ce, gam ɗin zai kama su. Katin banki kuwa wata roba ce, ba zai kama ba. Ka ɗora ɗaya daga cikin shidan ka zana, ka ja reza sau da yawa a hankali a kan rula, ka ɓalle, ka goge da sanfefa. Sa ta a tsakiya inda dogo zai rufe ta. Bankararren kuma, ruwan zafi wanda bai tafasa ba, ka tsoma na ɗan lokaci, ka kwantar a kan tayil ka danne da littattafai har ya huce. Fara gwadawa da sandar banza.

Sule_Walda: Ko a shanya a rana kawai a danne.

Bakano_a_Hamburg: Rana ba ta da linzami, Malam Sule, wataƙila ma ita ta bankarar da shi tun a dila. Ni na taɓa barin wani gini da na haɗa a bayan mota da bazara, na dawo na tarar ya lanƙwashe, bai gyaru ba. Tsohuwar roba kuma tana da saurin karyewa, in za a raba ta da sanda a yi da abin yanke farce, kada a murɗa.

Injiniya_Samaru: In ɗan bankarewa ne kaɗan ni ba zan sa ruwa ba ma. Masu gittawa da rufin su za su jawo shi ya miƙe. Ga yadda zan bi. A fara da daɓe: masu gittawa tara da dogayen da ke kwanciya a kansu. A kafa su a jikin ɓangaren da ya miƙe, a sa sukwaya a tabbatar kowace ta tsaya daidai. Sannan ɗaya ɓangaren, sannan ƙofofin biyu, rufi a ƙarshe. Fuskar da ke da ƙurajen nan masu kama da kan ƙusa ita ke kallon waje, mai ramuka da 'yan da'irorin mazubi tana kallon ciki. A yi duk wannan da robar ɗaure kuɗi da salatif, ba gam, har sai komai ya sami gurbinsa.

Maman_Ilham: Injiniya, ni zan bar rufin a sake har sai an yi fenti an shimfiɗa dogo. In ka rufe, hannu ba zai shiga ba. Kuma a wanke gutsattsarin da ruwan sabulu kafin komai, ƙurar gwanjo tana hana gam da fenti kamawa.

Injiniya_Samaru: Gaskiyarki Hajiya, a bar shi a sake.

Dan_Layin_Dogo: Alhamdu lillahi, jiya bayan isha'i ni da yaron mun tsayar da ita da robar ɗaure kuɗi, kuma bankararren ya miƙe kamar yadda Injiniya ya ce. Shi ya gano inda shingen ke shiga, ya kasa barci don murna. Baba Direba, na tura maka hoton. Saura abu biyu. Masu ruwan ƙasan nan, in na haɗa su bibbiyu suna ba da ginshiƙi biyu, amma kansu bai kai faɗin gadar ba, ta fi su da kusan santimita ɗaya. Sannan akwai 'yan mitsi-mitsi guda huɗu, biyu masu kan tudu, biyu da wasu kamar gungumen itace a jere a ƙarƙashinsu. Ban ga ramin da za su shiga ba.

Tsohon_Direba: Na gani ɗana, Allah ya yi albarka. 'Yan huɗun nan ƙafafunta ne, a kansu take zama. Ƙarfe yana miƙewa da zafi, shi ya sa ake kafe gefe ɗaya, ɗayan a bar shi a kan masu mirginawa. Masu gungumen su tafi baki ɗaya tare, kada ka raba su dama da hagu.

Musa_Leeds: Ginshiƙan kuwa ina jin na wata gadar ne aka zuba a leda ɗaya. Launi daban, ba rubutu, faɗi bai kai ba.

Bakano_a_Hamburg: Ko kuma akwai faffaɗan murfi da ke zama a kansu ya ɓace tare da waccan sandar. Kada ka yar da su tukuna. Auna mini tsayinsu da faɗin kansu, ka ɗauki hoton cikinsu, in haɗa da sauran in kai wa dattijon ranar Asabar.